Rigakafin HIV na DNA: ɗan aiken ne bai isa ba, ko saƙon ne da gyara?

Auwal: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Wata tambaya ce ta tsaya mini. Tun 1990 Jon Wolff da abokan aikinsa a Jami'ar Wisconsin suka nuna cewa in aka yi wa ɓera allurar filasmid (ɗan zoben DNA mai ɗauke da saƙo) tsurarsa a tsoka, tsokar za ta karanta saƙon ta haɗa furotin. A 2005 dabbobi sun samu nasu rigakafin na DNA, doki na cutar West Nile, kifin salmon kuma a Kanada. Mutum bai samu ba sai 2021, da Indiya ta amince da ZyCoV-D na korona. Na HIV kuwa shiru har yau, alhali tun shekarun 1990 ake gwada shi a jikin mutane. Shin DNA ɗin ne ba ya kaiwa inda ake so, ko yana kaiwa amma abin da ya ɗauko ne bai wadatar ba?

Malam Bappa: Wa alaikumus salam Auwal. Fara da lissafi. Ɓera nauyinsa giram 25 ne, ana yi masa maikrogiram 50. Wato miligiram 2 ke nan a kowane kilo. In za ka yi wa mutum mai kilo 70 daidai da haka, sai ka ba shi miligiram 140. A gwaje-gwajen mutane kuwa tsakanin miligiram 1 zuwa 8 ake bayarwa. Ga kuma wani abu da ake mantawa da shi. Tsokar ƙwaurin ɓera 'yar mitsitsiya ce, in ka ɗura mata maikrolita 50 sai ta kumbura tim, matsin ruwan kansa ya tura DNA cikin sel. Mililita 1 a dantsen babban mutum kuwa ba ta matsa komai, bajewa take yi kawai.

Sai hanyar da filasmid zai bi. A wajen sel akwai enzayim masu datsa DNA, suna fara aikinsu nan take. Wanda ya tsira ya iso bakin sel, shi cajinsa negatif, tantanin sel ma negatif, ba sa jituwa. Wanda ya samu shiga, galibi cikin wata 'yar jaka yake faɗawa wadda ƙarshenta narkarwa ce. Wanda ya kuɓuta zuwa ruwan cikin sel, rabinsa na lalacewa cikin minti 50 zuwa 90, kuma DNA da tsawonsa ya haura tushe 2,000, wato haruffan DNA, ba ya iya yawo da kansa a wannan cunkoso. Ƙofa ta ƙarshe ita ce cibiyar sel. Kafofinta suna barin abin da nauyinsa bai wuce dalton 40,000 ba ne ya wuce da kansa, shi kuwa filasmid mai tushe 5,000 ya haura dalton miliyan 3. Sel mai rabuwa biyu bangon cibiyarsa na rushewa na ɗan lokaci, DNA ya samu kutsawa. Sel ɗin tsoka ba ya rabuwa. To ka ji inda kaya ke zubewa.

Dr. Hajara: Duk abin da Malam Bappa ya faɗa haka yake, amma kada Auwal ya tafi da cewa ɗan aike ne kaɗai ke da laifi. A gwajin rigakafin HIV mai suna HVTN 505 mutum 2,504 aka ɗauka a Amurka. Filasmid shida, miligiram 4 a kowane zuwa, sau uku, a mako na 0 da 4 da 8, da na'urar Biojector mai harba ruwa ba tsinin allura, sannan ƙari da Ad5, ƙwayar adenobairos da aka ɗora wa saƙon, a mako na 24. Garkuwar jiki ta amsa, an ga sel na T, sojojin garkuwa, an ga antibodi, furotin masu kama baƙo. Da aka zo ƙirga, mutum 27 suka kamu a ɓangaren rigakafi, 21 a ɓangaren ruwan gishiri. Aka tsayar da allurar a Afrilun 2013. Saƙo ya isa, an karanta, bai hana komai ba.

Dr. Yila: Ranki ya daɗe, ban ƙi ba, sai dai 505 ba ta rufe maganar hanyar shigarwa ba. Da aka koma aka binciki jinin mutanen, an ga waɗanda sel ɗinsu na T nau'in CD8 suka amsa wa Env, furotin ɗin ɓawon HIV, da ƙarfi kuma ta fuskoki da yawa, haɗarin kamuwarsu ya fi ƙasa. Ke nan ƙarfin amsar da ingancinta suna da tasiri, kuma nan ne bugun lantarki ya shigo, wato a yi amfani da lantarki a buɗe wa DNA ƙofar sel.

A duba HVTN 070 da 080, filasmid iri ɗaya, PENNVAX-B. A 070 allura ce zalla, miligiram 6, amsar ba ta taka kara ta karya ba. A 080 an rage zuwa miligiram 3, an haɗa da filasmid na IL-12 mai zuga garkuwa miligiram 1, aka bi da bugun lantarki da na'urar CELLECTRA. Bayan allura ta uku kusan kashi 89 cikin 100 sun nuna amsar CD4 ko CD8. Rabin kaya, riɓin amsa. Gwajin ADVAX a New York da na'urar TriGrid ma ya nuna ƙarin da ya kai ninki 70 a ma'aunin ELISpot mai ƙirga sel na T da suka amsa.

Sista Rifkatu: Likita, ku sauko mana ƙasa kaɗan. Yaya ake yin bugun nan a aikace, kuma me mutum ke ji? Domin rigakafin da ake zuwa sau uku ko huɗu, in na farko ya gigita mutum, na biyu sai dai ka bi shi gida.

Malam Bappa: Sista, na tsoka ga yadda yake. Kan na'urar yana da tsinke biyar na ƙarfe a kewaye, allurar ɗura maganin tana tsakiya. Ana auna kaurin kitsen dantse tukuna don a zaɓi tsawon tsinken, domin in ya tsaya a kitse bai kai tsoka ba an yi asarar kaya. A soka, a ɗura mililita 1, a dakata daƙiƙa kaɗan ruwan ya baje tsakanin tsinkunan, sai na'ura ta saki bugu uku, kowanne milisakan 52, a ƙarfin amfiya 0.5, da tazarar daƙiƙa ɗaya. Bugun yana buɗe ƙananan kafofi a tantanin sel na ɗan lokaci, yana kuma jan DNA ɗin zuwa jikin tantanin tunda yana da caji. 'Yar ɓarnar da yake yi wa naman wurin ma tana da amfani, ita ke kiran sel masu kai rahoto kaluluwa.

Abubuwan da ke lalata aikin sanannu ne. In DNA ya taru a wajen da'irar tsinkunan, lantarkin ya bugi wurin da babu kowa. In aka yi bugun kafin ɗurawa, amfanin ya ragu ƙwarai, dole DNA ya riga lantarki isa. In hannu ya motsa da bugun farko, tunda tsokar na zabura, tsinke ya goce, na biyu da na uku sun tafi a banza, shi ya sa ake tallafe gwiwar hannu. In ƙarfin ya yi yawa sel ɗin ya mutu maimakon ya rufe kafofinsa, matacce kuwa ba ya haɗa furotin. Dalilin da ya sa aka fi son na'ura mai riƙe amfiya a tsaye ke nan, tana sauya bolt gwargwadon taurin naman kowa.

Zafi kam akwai. Yana zuwa da ƙarfi lokaci ɗaya, ya sauka cikin mintuna, ciwon tsoka ya biyo baya kwana ɗaya ko biyu. Mai na'urar daidaita bugun zuciya ba a yi masa, haka mai ƙarfe a kusa da wurin.

Sista Rifkatu: To wannan a asibitin koyarwa na Gombe ko na Bauchi zai yiwu. A ɗakin shan magani na ƙauyen Dukku ko Nafada fa, inda ma'aikaci ɗaya ke duba layi guda? Kowane mutum sai an buɗe masa sabon kan tsinke, batir sai an yi caji, na'ura in ta tsaya ba mai gyara a kusa.

Dr. Yila: Shi ya sa hankali ya koma fata. Fata ta fi tsoka yawan sel masu kama baƙo su kai kaluluwa. A HVTN 098 an kwatanta biyun da filasmid PENNVAX-GP, miligiram 8 a tsoka da miligiram 1.6 a fata, duka da bugun lantarki. Kashi ɗaya cikin biyar na kayan, amma amsar ta yi kafaɗa da kafaɗa, antibodi ma ya fi fitowa a na fatar. Tsinken na fata uku ne, milimita 3, amfiya 0.2, mutane sun fi jure shi. Kuma da aka cire IL-12 a ɓangaren fata amsar CD4 ta faɗi sosai.

Tun kafin wannan ma, a Dar es Salaam, gwajin HIVIS 03 ya nuna miligiram 1 a fata da na'urar harbawa ya fi miligiram 3.8 a tsoka share fage kafin ƙarin MVA, ƙwayar dangin agana da aka raunana aka ɗora wa saƙon. Babu lantarki ko kaɗan a ciki. ZyCoV-D ma haka ake ba da shi, da na'urar Tropis wadda ba ta da allura ba ta kuma buƙatar wuta, ɗana ta ake yi da hannu. Miligiram 2 a kowane zuwa, a rana ta 0 da 28 da 56, kariya kashi 66.6 cikin 100.

Sista Rifkatu: In fata ce to mun san hanya, hannun da ya saba da BCG ba zai sha wuya ba. Sai dai a sani, fata ba ta ɗaukar fiye da mililita 0.1 a wuri ɗaya. Alamar an dace ita ce ƙullutun nan mai fari-fari kamar bayan lemo, faɗinsa milimita 6 zuwa 10. In bai tashi ba, ruwan ya zarce ƙarƙashin fata, kuma ga DNA wannan kusan zubarwa ne. Da na'urar harbawa kuma, in ba a dafa ta a miƙe kan fata busasshiya ba, rabin ruwan a waje zai tsaya, ka ga wurin ya jiƙe. Ya kamata duk gwaji ya riƙa rubuta faɗin ƙullutu da jiƙewar wuri a takardar kowane mutum, in ba haka ba ranar da amsa ta yi rauni ba wanda zai san ko maganin ne ko hannun.

Usman Famasi: Maganar Sista ta mililita 0.1 ita ce ke ɗaure masu haɗawa. In kana son miligiram 1 a ƙullutu ɗaya, dole ruwan ya kai miligiram 10 a mililita, kuma a nan DNA ya fara yauƙi kamar miyar kuɓewa. Tacewa ta matatar maikron 0.22 na wahala, matsin da ake sa wa kuma yana tsinka zaren.

Ga lissafin masana'anta. Mutum miliyan 1, miligiram 4 sau uku, kilo 12 ke nan na tsabtataccen filasmid. Tukunyar renon E. coli mai kyau ƙwarai tana ba da giram 1 zuwa 2 a lita, kafin asarar tsarkakewa. In aka koma miligiram 1.6 a fata, kilo 4.8 ya isa. Don haka hanyar shigarwa ba maganar garkuwa kaɗai ba ce, ita ke yanke farashi.

Inganci kuma yana da ƙa'ida. Jagorar hukumar FDA ta 2007 ta nemi sama da kashi 80 cikin 100 na filasmid ya kasance a murɗe, dafin bakteriya kada ya wuce EU 40 (ma'aunin dafin) a miligiram, sauran tarkacen bakteriya, wato furotin da RNA da DNA ɗinta, kowanne ƙasa da kashi 1. Alamar zaɓe, wato saƙon jure magani da ake tantance bakteriya masu ɗauke da filasmid da shi, ta kanamaisin ake sawa, ba amfisilin ba, saboda masu borin jini da dangin fenisilin. Yanzu ma ana ƙoƙarin cire alamar gaba ɗaya, a rage gindin bakteriyar, domin gindin nan yana sa sel ya rufe bakin saƙon bayan 'yan kwanaki, kuma ƙaramin filasmid ya fi saurin kaiwa cibiya.

Auwal: Yaya Usman, ana cewa babban alfanun DNA shi ne ba ya buƙatar sanyi. Gaskiya ne?

Usman Famasi: Da sauƙi dai, ba wai babu ba. ZyCoV-D a digiri 2 zuwa 8 ake ajiye shi, kamfanin ya ce yana jure digiri 25 na wata uku. Digiri 25 kuwa ba shi ne Gombe a watan Afrilu ba, inda ake haura 40 a inuwa, balle cikin but ɗin mota a hanyar Bajoga. Zafi da ruwa mai tsami-tsami suna ɓalle tushen A da G daga zaren, wurin ya tsinke, murɗaɗɗe ya warware. Burbushin ƙarfe a ruwan ma yana haifar da tsatsar da ke datsa shi. Maganinsa a riƙe pH tsakanin 7.5 da 8.5, a sa abin da ke kama ƙarfe irin EDTA, ko a busar da shi ya zama gari tare da sukarin tirehalos. Amma ko a haka ya fi rigakafin mRNA jure zafi nesa ba kusa ba.

Dr. Hajara: Bari in dawo da mu cikin wasiƙar, tunda an daɗe a kan ɗan aike. Ƙwayoyin gadon HIV in ka ɗauko su yadda suke ka sa a filasmid, kusan ba abin da za su haɗa. Cike suke da A da T, kuma biyu daga cikinsu, gag da env, suna da wasu gaɓoɓi da ke riƙe RNA a cikin cibiya sai furotin Rev ya zo ya fitar da shi. George Pavlakis da Barbara Felber sun yi aiki mai yawa a kan wannan. Gyaran shi ne a sake rubuta saƙon da kalmomin da sel ɗin mutum ya fi sabawa da su ba tare da an canza furotin ba, a goge gaɓoɓin nan, a sa furomota, wato makunnin saƙo, na CMV da intron ɗinsa, a sa jerin Kozak kafin ATG, a maye jagoran Env na asali da na tPA ko IgE don furotin ya fita waje da kyau. Duk wanda ya tsallake wannan ya ruga sayen na'urar lantarki, ya sa kuɗinsa a inda ba nan gizo ke saƙa ba.

Akwai kuma kishi tsakanin antijin, wato furotin ɗin ƙwayar da ake koya wa garkuwa ta gane. In ka cusa Env da Gag wuri ɗaya, Env na danne amsar Gag. HVTN 084 ta nuna haka a mutane, ko da yake da Ad5 aka yi ta. Shi ya sa wasu ke raba su, wannan a dantsen dama, wancan a hagu, kowa da kaluluwarsa.

Farfesa Jibrin: Na karanta duka, Allah ya ƙara basira. Amma akwai gwajin da ba wanda ya ambata, kuma shi ne mafi kusa da mu. PrEPVacc, a Masaka ta Uganda, da Mbeya da Dar es Salaam, da Durban. Mutum 1,512. An ɗauki darasin da aka koya a HVTN 105, cewa in ka ba da DNA da furotin rana ɗaya maimakon jere su, antibodi na fitowa da wuri. Ɓangare ɗaya DNA da furotin AIDSVAX B/E, ɗayan DNA da furotin CN54gp140 sannan MVA. An dakatar da allurar a Nuwamban 2023, sakamakon da aka bayyana a Munich a Yulin 2024 ya tabbatar babu kariya.

A jera manyan gwaje-gwajen da suka gaza. STEP a 2007. HVTN 505 a 2013. Uhambo a 2020, mutum sama da 5,400 a Afirka ta Kudu. Imbokodo a 2021, Mosaico a 2023. Masu ɗauko saƙon daban-daban ne, adenobairos, dangin agana, DNA, furotin, amma dukansu sun dogara ne da sel na T da antibodin da ke manne wa ƙwayar ba tare da ya kashe kaifinta ba. RV144 ta Thailand kaɗai ta ba da kashi 31.2, kuma da aka sake gina ta don reshen C na HIV ba ta maimaita ba. Ni a ganina ko da bugun lantarki aka yi PrEPVacc, da wuya labarin ya canza.

Dalili yana jikin Env. Kusan rabin nauyin gp120, ɓangaren Env na waje, sukari ne da ƙwayar ta ara daga jikin mai ita ta yafa. Tsakanin reshe da reshe bambancin Env na kaiwa kashi 35. Kuma cikin kwanaki kaɗan da shiga, ƙwayar ta riga ta dasa kanta cikin gadon sel ta kwanta. Rigakafin da zai yi aiki sai ya tare ta a bakin ƙofa. Gwajin AMP na 2021 ya nuna abin da ke iya yin haka, antibodin VRC01 da aka ɗura wa mutane ya ba da kariya kusan kashi 75 a kan ƙwayoyin da ke jin sa, a kan sauran kuwa babu.

Dr. Yila: Ranka ya daɗe, in haka ne ai maganar ta koma hannun mRNA. Gwajin IAVI G001 ya nuna eOD-GT8, wani antijin da aka ƙera, ya tayar da kakannin sel na B masu haɗa antibodin da ake nema a mutum 35 cikin 36, da furotin. G002 da G003 suka maimaita da mRNA, ta ukun ma a Ruwanda da Afirka ta Kudu. mRNA ba ya buƙatar shiga cibiya, ba na'ura, allura ce kawai. Me ya rage wa DNA?

Malam Bappa: Likita, da saura. Na farko, a HVTN 302 mutum 7 cikin 108 da aka yi wa mRNA mai ɗauke da Env sun yi borin jini mai ƙaiƙayi, wasu ya daɗe musu watanni. Ga lafiyayyen da za a yi wa allura biyar ko shida a jere, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na biyu, tarbiyyar sel na B zuwa antibodi mai faɗi tana son antijin ya daɗe yana ɗiga kaɗan-kaɗan, kuma filasmid a tsoka yana aiki makonni, mRNA kwanaki. Na uku, jiki ba ya yin garkuwa da filasmid kansa yadda yake yi wa adenobairos, kana iya maimaitawa sau nawa ka so. Masu bincike a cibiyar Wistar sun nuna a dabbobi cewa filasmid na iya sa tsoka ta haɗa eOD-GT8 mai kai 60 da kanta, ta harhaɗa shi ta fitar. Ke nan ba sai an sha wahalar tsarkake furotin a masana'anta ba duk lokacin da aka canza zane.

Auwal: To me zai hana a naɗe DNA ɗin cikin ƙunshin maiƙon da ake naɗe mRNA, a huta da na'ura?

Dr. Hajara: An gwada, ana kan gwadawa. Matsala biyu ce. Ƙunshin maiƙo yana sauke kayansa ne a ruwan cikin sel, wanda ga mRNA nan ne gida, ga DNA kuwa saura ƙofar cibiya. Ana ɗan taimaka masa da gaɓar SV40 mai tushe 72 wadda furotin ɗin sel ke kamawa su ja shi ciki. Ta biyu ta fi tsanani. Sel na da mai gadi, cGAS, wanda da ya ga DNA a ruwan ciki sai ya tayar da STING, intaferon, ƙararrawar sel, ya ɓarke. Kaɗan daga wannan alheri ne, domin aikin Ken Ishii na 2008 ya nuna ta hanyar TBK1, wanda STING ke kunnawa, rigakafin DNA ke samun zugarsa, ba ta TLR9 ba kamar yadda aka zata. Amma ƙunshin maiƙo yana zuba DNA da yawa lokaci guda, kumburi ya yi yawa, sel ya kashe furomota na CMV ko shi kansa ya mutu. A mRNA an samu dabarar sauya yuridin don a lallaɓa masu gadi. DNA bai samu tasa dabarar da ta kai wannan ba tukuna.

Farfesa Jibrin: Na yarda da Bappa a kan cewa DNA na da gurbi, a matsayin kayan gwada zane da sauri da kuma share fage. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce na'ura za ta ceci antijin da bai dace ba.

Sannan mu dubi gida. Ƙwayar da ta fi yawa a Nijeriya reshen G ce da CRF02_AG. Filasmid ɗin 505 na A da B da C ne. Na PrEPVacc na C ne. BG505, samfurin Env da ake gina yawancin sababbin zane a kansa daga wani jariri a Kenya aka samo shi, reshen A. Ba wanda ya zana don mu. Kuma binciken ƙasa na NAIIS na 2018 ya sa yawan masu ɗauke da cutar a kashi 1.4, don haka gwajin auna kariya a nan sai an ɗebi mutane masu ɗimbin yawa. Ga lenakapabir kuma, allurar maganin kariya daga HIV, wanda a sakamakon farko na gwajin PURPOSE 1 a 2024 ba a samu ko mace ɗaya da ta kamu ba cikin 2,134. Ba kwamitin ɗa'a da zai bari a hana mahalarta irin wannan kariya, kuma in kowa ya samu, kamuwar da za a ƙirga ta yi kaɗan. Abin da ya dace da mu shi ne ƙananan gwaje-gwajen matakin farko da tattara jerin Env na sababbin kamuwa.

Sista Rifkatu: Ranka ya daɗe, ko matakin farkon ne akwai abin da za a shirya tun kafin a soki kowa. Wanda aka yi wa rigakafi mai Env zai iya nuna layi biyu a kayan gwajin HIV na Determine, na Uni-Gold ma ya tabbatar, alhali ba shi da cutar. A nan kuwa gwajin kafin aure ya zama doka a wasu jihohi, a wasu kuma limamai da fastoci ba sa ɗaurawa sai da takarda. Ga awon ciki, ga ba da jini, ga ɗaukar aikin ɗamara. Layi biyu na iya rushe aure a yini ɗaya, ko a ɗora lafiyayye a kan magani. Dole kowane mahalarci ya samu kati, da wurin da zai je a yi masa gwajin PCR, mai neman ƙwayar kanta, kyauta, ba na shekarar gwaji kaɗai ba, domin antibodin na iya zama shekaru.

Kuma za a tambaye mu ko DNA ɗin zai shiga gadon mutum ya canza zuriya. Jama'ar da ta ga abin da ya faru a gwajin maganin Pfizer a kan yara a Kano a 1996, ta kuma ga yadda aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, tana da haƙƙin a ba ta amsa cikakkiya.

Malam Bappa: Amsar ita ce filasmid ba shi da enzayim ɗin dasa kansa, ba ya kuma hayayyafa a sel ɗin mutum. Ana bin sawunsa a dabbobi da PCR, gaɓa-gaɓa har da 'ya'yan maraina da ƙwan mace. Yana zama ne a wurin allurar yana raguwa. Ƙa'idar FDA ita ce in ya haura kwafi 30,000 a maikrogiram ɗaya na DNA ɗin dabbar a ƙarshen binciken, sai an yi gwajin dasuwa na musamman. Inda aka auna, abin da aka samu ya yi ƙasa ƙwarai da sauyin da ke faruwa da kansa a sel kullum. Amma a faɗi gaskiya, bugun lantarki yana ƙara yawan DNA da ke shiga, don haka duk sabuwar na'ura sai an sake wannan awon, ba a ari sakamakon wata ba.

Dr. Yila: Ƙari a kan shiri. Jinin da za a auna sel na T da shi sai an ware fararen sel an daskarar cikin awa 8 da ɗiba, a sauke sanyin digiri 1 a minti, a ajiye a tururin naitirojin ƙasa da digiri 130 a ƙarƙashin sifili. Firiza mai digiri 80 a ƙarƙashin sifili ba ta riƙe su na dogon lokaci, balle in wuta na yankewa. Sel da suka sha wuya ba sa amsawa a ELISpot, sai a ɗora wa rigakafi laifin da na firiza ne.

Auwal: Na gode ƙwarai. In ɗalibi na son ya taɓa wani abu a wannan fanni da kayan da ake iya samu a Gombe ko Bauchi, ta ina zai fara?

Malam Bappa: Ɗauki filasmid pVAX1 mai ɗauke da GFP, furotin mai haske, tushensa kusan 3,000 ne kafin a sa saƙo. Tsarkake shi da kit mai cire dafin bakteriya, ka tabbatar awon 260 a kan 280 ya faɗa tsakanin 1.8 da 2.0. Raba shi gida uku, ɗaya a ruwan gishiri mai fosfet, ɗaya da ƙarin EDTA, ɗaya busasshe da tirehalos. Kowanne ka ajiye a digiri 4 da 25 da 40 da 45. Duk mako biyu ka ɗiba ka gudu da shi a jel na agaros kashi 0.8. Murɗaɗɗe ne zai yi gaba, miƙaƙƙe a tsakiya, wanda ya warware a baya. Kada ka girgiza shi da injin, kada ka daskarar ka narkar fiye da sau ɗaya, in ba haka ba kai ne za ka tsinka shi ba zafi ba.

Dr. Hajara: Kada ka tsaya a jel kaɗai, Auwal. Duk samfurin da ka ɗiba ka zuba shi a sel na HEK293, sel ɗin mutum da ake reno a ɗakin gwaji, ka ƙirga masu haske bayan awa 48, domin jel na nuna siffa ne, ba ya nuna ko saƙon na karantuwa. Ka kuma sa ma'aunin zafi mai rubutawa a cikin akwatin, ka ajiye kwalba ɗaya a firiza tun ranar farko, ita za ka riƙa gwada sauran da ita a kowane zagaye.